Yadda Muka Miƙar da Ƙwallayen Bature

Mai ɗakina ta rasu da damina, shekara guda da 'yan watanni kafin Turawa su miƙa mulki. Ba zan yi maganar ciwon ba. Mun zauna shekara ashirin da ɗoriya, 'yarmu ɗaya, tana aure a Jos. Abin da zan faɗa game da ita shi ne, mace ce mai baki. In na sa sabuwar hula sai ta ce in mayar mata da murfin tukunyarta. In na dawo daga aski sai ta tambaye ni ko faɗa muka yi da wanzamin. Ban taɓa fita daga gidan nan ba tare da an yi mini dariya ba, kuma ban san abinci ne a gare ni ba sai da aka ɗauke.

Bayan an share makoki na koma aiki. Ni ne mai kula da sito a ma'aikatar ayyuka: siminti, ƙusa, kwanon rufi, fenti. Mutane suka yi mini kirki, irin kirkin da ke shaƙe mutum. Duk wanda na gamu da shi sai ya rage murya ya ce, “Malam, ya haƙuri?” Wata uku, wata biyar, ana ta ya haƙuri. In na doso inda ake hira sai dariya ta mutu, a matsa a ba ni wuri mafi kyau a tabarma. Leburorin da na san suna kwaikwayon tafiyata a bayan sito suka daina.

Wanda ya fi ba ni ciwo shi ne taubashina, ɗan goggona, direban babbar motar ma'aikatarmu. Tun muna yara kowannenmu yake kiran ɗan'uwansa bawa, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Mutumin da ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar kasuwa don kawai ya sanar da jama'a cewa kunnuwana sun fi na jaki, shi ne yanzu yake durƙusawa ya gaishe ni.

Shi ne dai ya ja ni zuwa kulob ɗin ma'aikata 'yan ƙasa, wata Asabar bayan la'asar. Ya ce zaman zaure zai kashe ni. Kulob ɗin ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano a bayan ganuwa, da dara, da ludo, da garmaho mai tari. A lokacin wani injiniyanmu Bature da ya gama aiki zai koma gida ya bar wa kulob kyautar akwati. A ciki akwai ƙwallaye na baƙin katako, kowace ta cika tafin hannu biyu, masu nauyi kamar dutsen niƙa, da wata 'yar ƙarama fara. Bayanin wasan a tsaye ya yi shi, ƙafarsa ɗaya a cikin mota. Ya ce a gara farar can nesa, sannan kowa ya gara tasa, wanda ya fi kusa da farar shi ya ci. Ya ɗaga hannu, ya tafi. Iyakar karatun da muka samu ke nan.

An ce su a kan ciyawa suke yi. Mu kuwa ciyawa ta awaki ce. Sai aka ɗauko matan da ke daɓen ɗaki, suka daɓe fili a bayan kulob, suka zuba makuba, ya yi sumul yana sheƙi kamar ɗakin amarya. Aka kafa gasa, ƙungiya huɗu, mutum uku-uku: mu na Ayyuka, da Gidan Waya, da Asibiti, da Malaman Makaranta. Farar ƙwallon muka sa mata suna ƙwai. Mutanen gari masu wucewa kan tsaya su ce, ga manya da gemu suna gare-gare.

Ƙungiyarmu ni ne, da taubashina, da shugabanmu, babban akawun ofis, mutumin Bogoro, dattijo a cocinsu. Dattijo muke ce masa. Mutum ne da ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya ba shi haƙuri kafin ya fitar da shi. Zagi mafi girma da aka taɓa ji a bakinsa shi ne “Kai, jama'a.”

Wasan yana da doka ɗaya wadda ba Bature ne ya bar mana ba. Duk wanda ya fi kowa ɓata wasa a ranar, shi ne jakin mako. A naɗa masa gammo, a ɗora masa akwatin a ka, ya kai shi ɗakin ajiya na ofishinmu, ta kan hanyar da masu dawowa daga kasuwa suke bi. Sauran kuma suna biye da shi suna tafi, kowa yana faɗin abin da ya ga dama. Na ga an yi wa hedimasta, na ga an yi wa babban malamin asibiti. Ba a duba muƙami.

Ranar farko ƙwallona ta baro filin gaba ɗaya ta shige cikin lallen maƙwabta. Ta biyu ta tsaya a gabana kamar ta manta wani abu a gida. Na ga taubashina ya buɗe baki, idonsa ya kawo haske irin na da. Sai ya rufe bakin ya dubi ƙasa. Dattijo ya ce, “Ba laifi, Malam, hannu ne bai saba ba.” Da aka tashi, aka naɗa gammo aka nufi wani siririn akawun Gidan Waya.

Ya ce, “Ni? Ai jama'a kowa ya ga ta Malam a cikin lal...”

Wani ya taka masa ƙafa. Ya dube ni, ya tuna, ya sunkuya aka ɗora masa.

Haka aka yi ta yi kowace Asabar. Ni ne na ƙarshe, wani ne yake ɗaukar kaya. Ina biye a baya, ba na tafi, ba na zagi, don ba ni da bakin yi. Zan faɗi abin da nake so a fili, ko da yake a lokacin ban iya faɗa wa kowa ba: so nake a zage ni. So nake a ɗora mini akwatin nan kamar kowa. Muddin ana tsallake ni, to ni ba ɗan wasa ba ne, mai zaman makoki ne da aka fito da shi shan iska.

Na gwada tsokanar taubashina. Wata rana yana wanke mota na ce, “Kai bawana, zo ka ɗauki takalmina.”

Ya ajiye tsumma ya ce, “To, Yaya.”

Ya kuwa taho zai ɗauka. Ban taɓa jin kalma mai sanyi kamar Yayan nan ba. Na ce ya bari, na shige sito na rufe ƙofa, na daɗe ina gyara buhunan da ba su buƙatar gyara.

To, akwai wata matsala da ta dami kowa, ba ni kaɗai ba. Ƙwallayen nan ba sa tafiya sak. Ka saita ƙwai, ka gara, ta taho daidai kamar abin kirki, sai ta kusa isa ta karkace ta yi gefe, kamar mai gudun surukinsa a hanya. Wani lokaci dama, wani lokaci hagu. Da farko muka ce filin ne ya jirkice, aka sake kiran masu daɓe, suka sake, suka kuma gaya mana cewa su ɗakinsu bai taɓa karkatar da kowa ba. Mutanen Asibiti suka ce zafin ƙasarmu ne ya tanƙwara katakon. Hedimasta ya ce duniya ce take juyawa a ƙarƙashin ƙwallon, ya kawo lemo zai nuna mana, taubashina ya ɓare lemon ya shanye. Mai gadin kulob ya ce tsamiyar da ke gefen filin ba ta son hayaniya. Ra'ayin da ya fi samun magoya baya shi ne, Bature ba ya kyautar abu mai lafiya, ya tafi da masu kyau ya bar mana ruɓaɓɓu.

Ni na yi nawa lissafin. Na ce a raina, in ƙwallayen suka miƙe, wataƙila in daina zama na ƙarshe, in shiga tsakiya in ɓace cikin mutane, ba mai buƙatar tausaya mini. Saboda haka a taron kulob na miƙe, karo na farko da na yi magana a cikin jama'a tun rasuwar, na ce a kai su Ƙofar Dumi wurin masassaƙi ya gyara. Da wani ne ya kawo shawarar da an yi gardama har magariba. Da yake ni ne, kowa ya ce madalla.

Masassaƙin tsoho ne mai yin turmi da akushi. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya ce, “Ai ga shi nan, gefe ɗaya ya fi tudu. Wanda ya sassaƙa wannan bai gama koyo ba aka sallame shi.” Muka ji daɗi ƙwarai da aka kama Turawa da aikin ha'inci. Ya ce a ba shi lokaci. Da muka koma ya nuna mana gizagonsa biyu da suka dakushe, ya ce bai san sunan itacen nan ba amma Allah ya isa tsakaninsa da shi. Ƙwallayen sun dawo farare-farare, sun rame, kowace da girmanta. Wata kamar gwanda, wata kamar goruba mai ƙiba. Amma fa suna tafiya sak. Suna ɗan ƙara a kan daɓe, gurgur-gurgur, sai dai inda ka aike su nan suke zuwa.

Lissafina bai fita ba. Na gyaru kaɗan, sauran suka gyaru da yawa. Yanzu kuma ba ƙwallon da za a ɗora wa laifi, sai aka shiga nemo mini uzuri daga sama. A ce iska ce, alhali ganye ba ya motsi. A ce rana ce ta haske mini ido, alhali tana bayana. Siririn akawun Gidan Waya ya ɗauki akwati har wuyansa ya yi kanta. In ya gan ni a hanya sai ya ce, “Malam, ya haƙuri?” da wata irin murya da na kasa gane wanne daga cikinmu yake nufi.

Duk da ni, Dattijo da taubashina suka ja ƙungiyarmu har wasan ƙarshe, mu da Asibiti. Aka sa shi ranar bikin samun 'yancin kai, bayan an gama fareti da jawabai. Wani ɗan kwangila ya ba da rago kyautar wanda ya ci. Da aka rasa inda za a ajiye ragon kafin ranar, aka ce a kai gidan Dattijo, shi kaɗai ne ba zai yanka ya ce ya tsere ba. Wannan shi ne kuskuren. Dattijo bai taɓa cin gasar komai ba a rayuwarsa. Ya shiga ba ragon dusa da harawa, yana yi masa wanka, yana zuwa ofis yana ba mu labarin abin da ragon ya yi jiya. Matarsa ta daka yaji. Ya gayyaci rabin cocinsu da duk ma'aikatanmu, ya ma roƙi limamin unguwarmu ya zo ya yanka don kowa ya ci.

Ranar ta zo, an kewaye fili da 'yan tutoci kore da fari, an ɗaure ragon a gindin tsamiya. Babban baƙonmu likita ne Bature, tsoho, wanda bai tafi ba tukuna, yana jin Hausa sosai. Da ya ji irin wasan da za a yi sai murna ta kama shi, ya ce mahaifinsa gwani ne a kai. Ya nemi a ba shi ƙwallo ɗaya ya taɓa. Aka miƙa masa mai kama da gwanda. Ya juya ta, ya sake juyawa, jan fuskarsa ya ƙaru.

Ya ce, “Me ya sami wannan?”

Hedimasta, shi ne shugaban kulob, ya ce, “Gyara muka yi, Likita. A karkace aka ba mu su.”

“A karkace ake yin su! Da gangan ne! Ana gara ta gefe, ta zagayo ta sami farar. Wasan ke nan gaba ɗaya!”

Ni da na kawo shawarar na dubi tsamiya. Hedimasta ya gyara babbar rigarsa ya ce, “To, Likita, wanda ya ba mu bai faɗa ba. Kuma mu a nan, in mutum zai je wuri, zuwa yake yi.”

Taubashina ya ce daga baya, “Yau ƙasar ma an bar mana mu gyara, balle ƙwallo.”

Likita ya zauna, ya rungume gwandar a cinyarsa kamar marar lafiyar da aka kawo masa a makare.

Aka fara. Wasa ya yi zafi, mu ci su ci, har aka zo zagayen ƙarshe muna kunnen doki. Dattijo ya durƙusa, leɓensa yana motsi, ya gara. Ƙwallonsa ta tafi gurgur-gurgur ta je ta jingina da ƙwai kamar an ajiye ta da hannu. Mutanen Asibiti suka ƙare nasu, ba wadda ta fi tasa kusa. Saura jifa ɗaya a duk gasar, kuma nawa ne.

Dattijo ya matso ya kama hannun rigata. Ya ce a hankali, “Malam, mun riga mun ci. Ka gara ta kaɗan ta tsaya a hanya. Ko ka jefa cikin lalle yadda ka saba. Don Allah kada ka yi komai.”

Gaskiya ya faɗa, kuma da kyakkyawar zuciya. Amma kada ka yi komai ɗin nan shi ake gaya mini fiye da shekara. Zauna, Malam. Bari a ɗauko maka, Malam. Na dubi ƙwai, na ga ɗan wuri a gefen ƙwallon Dattijo, na ce a raina zan ajiye tawa a nan, mu ci da biyu, a ce Malam ma ya yi wani abu. Ba ɓarna na nufa ba, Allah ya sani. Na saita, na gara da ƙarfina.

A duk zamana a kulob ɗin nan ban taɓa yin jifa mai kyau kamar wannan ba. Ta tafi sak, ba dama ba hagu, yadda masassaƙi ya yi alkawari. Ta daki ƙwallon Dattijo ta fitar da ita daga fili, ta tura ƙwai ya gangara ya je ya kwanta a jikin ta babban malamin asibiti.

Ko mutanen Asibiti ba su yi ihu ba. Suka dubi juna, suka dube ni. Ɗayansu ya taka a hankali kamar mai shiga ɗakin haihuwa, ya fara kwance ragon. Ragon ya waiwayo ya dubi Dattijo ya yi kuka. Sai na ji hedimasta ya fara, da muryar nan da na sani, “Ba laifi, Malam, ai rana ce ta...”

“Wace rana!”

Dattijo ne. Ya cire hularsa ya buga da ƙasa.

“Wace rana, Hedimasta? Da laifi! Wallahi da laifi!” Mutumin da ba ya rantsuwa ko da irin ta cocinsu. Ya juyo kaina, jijiyar wuyansa ta tashi. Da yake bai saba zagi ba, sai ya riƙa tsayawa yana nema. “Kai Malam, kai... hannunka ƙafar agwagwa ce! Kai buhun siminti ne da ruwa ya taɓa! Na ce kada ka yi komai. Komai! Akuya ma in ka ce mata kada ta yi komai, wani lokaci tana ji! Wata nawa kana jefawa cikin lalle, yau da nake roƙonka lalle, yau ka ga dama ka iya?”

Kowa yana jiran in fashe da kuka ko in juya in tafi. Ni kuwa wani abu ne yake tasowa daga cikina wanda na manta hanyarsa. Na dubi taubashina. Yana cije da leɓe, kafaɗunsa suna rawa. Na ce, “Kai kuma bawana, me kake kallo?”

Ya saki. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ɗago da hawaye a fuska ya ce, “Allah ya jiƙan baiwar Allah nan! Mu wata nawa kawai muka yi da kai a ƙungiya ga yadda muka koma. Ita shekara ashirin! Muna ta ce maka ya haƙuri, ashe mai haƙurin ce ta tafi.”

Tun da aka binne ta ba wanda ya ambace ta a gabana sai da sunkuyar da kai. Na ce amin, na kuma yi dariya, irin mai ciwo a haƙarƙari. Filin ya ɓarke. Siririn akawun Gidan Waya ya cire rawanin wani ya naɗa gammo da hannunsa, ya ce shi zai ɗora mini, ba ya son taimako, ya daɗe yana jiran ranar nan.

Akwatin ya fi yadda nake zato nauyi, duk da abin da masassaƙi ya rage. Muka bi hanya, gari cike da mutanen biki. Suna biye da ni suna tafi, ana jakin mako, jakin shekara, jakin 'yancin kai. Taubashina yana gaba yana buɗe hanya yana cewa a matsa wa bawansa, kunnuwan kaɗai sun cika titi. Likita ma ya biyo mu, da gwandarsa a hannu, ya manta bai mayar ba. Da na isa gida na tarar da tuwon da ƙanwata ta aiko, na cinye, na suɗe kwanon.

Washegari Lahadi ina zaure wuyana ya ƙage, sai ga Dattijo daga coci, da farin kwat, hula a hannu. Ya ƙi zama a tabarma. Ya ce bai yi barci ba, ya ce ya yi zunubi a gaban jama'a, ya wulakanta mutumin da ke cikin rashi, ya zo neman gafara. Muryarsa ta fara komawa irin ta da, mai laushin nan. In na ce na yafe, Asabar mai zuwa akawun Gidan Waya zai koma ɗaukar kayana.

Na ce, “Dattijo, zauna tukuna. A cikin abin da ka faɗa jiya, wanne ne ƙarya? Shi zan yafe.”

Ya zauna. Mutum ne da ba ya amsa tambaya da gaggawa. Ya juya hularsa, ya dubi rufin zaure, na ga yana bin maganganun ɗaya bayan ɗaya. Can daga wajen unguwar ma'aikatan asibiti iska ta kawo ƙanshin gashi. Ya shaƙa, fuskarsa ta ɗaure.

Ya ce, “Ta agwagwa. Agwagwa ba ta yi mini komai ba.”